Malam Aminu Kano: Mutumin Da Ya Haɗa Kukan Manomi Da Na Makiyayi Da Na Mace



Na san kalmar zanga-zanga ba ta yi wa uwa daɗin ji. Da an ce gobe za a fita, ke dai hankalinki yana kan ɗanki saurayi, kina Allah-Allah ya wuni a gida. Kuma ba ki yi laifi ba. Duk wanda ya ga abin da ya faru a farkon watan Agusta na 2024, yadda kukan tsadar rayuwa ya rikiɗe ya koma fasa kantuna da asarar rayuka, har aka sa dokar hana fita a Kano da nan Jigawa, ba zai ga baikenki ba. To amma kafin ki yanke wa abin hukunci gaba ɗaya, ba ni aron hankalinki in ba ki tarihin wani bawan Allah da ya ƙare rayuwarsa yana tara mutane su fito su nemi haƙƙinsu. Da ke da ni muna cin moriyar wannan aiki har yau, ko mun sani ko ba mu sani ba. Malam Aminu Kano ke nan, Allah Ya jiƙansa.

An haife shi ranar 9 ga Agusta 1920 a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Mahaifinsa Malam Yusufu daga zuriyar Gyanawa yake, gidan malamai da alƙalai, shi ma kuma a kotu ya yi aiki. Mahaifiyarsa Rakiya mace ce mai ilimi, a wurinta ya fara ɗaukar karatu kafin Allah Ya karɓi ranta yana ƙarami. Ki riƙe wannan, domin yaron da ya buɗe ido ya ga mace da allo da littafi, da wuya wani ya zo daga baya ya gamsar da shi cewa mace ba ta da hankalin da za ta zaɓi shugaba.

Ya yi firamare a Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, sannan Kwalejin Kaduna inda ya gama a 1942. Daga nan aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi. A can ya zauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, a can kuma ya ƙulla abota da Malam Sa'adu Zungur, malamin da ya fi kowa tasiri a kan tunaninsa. Suka riƙa shirya zaman tattaunawa inda ake yi wa manyan En'e da Turawa tambayoyin da ba a saba yi musu ba. A 1946 ya tafi Ingila ƙaro ilimin koyarwa. Da ya dawo sai ya tsaya kan kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, don a gyara musu albashi da sharuɗɗan aiki. Kin ga ke nan ba da siyasar jam'iyya ya fara ba. Da kukan 'yan uwansa malamai ya fara. Aka ɗauke shi daga Bauchi aka kai shi makarantar horon malamai ta Maru a Lardin Sakkwato, ƙarshenta a 1950 ya ajiye aikin gwamnati baki ɗaya.

Bari in ɗan dakata a nan in nuna miki yadda ƙasarmu take a wancan lokaci, don in ba haka ba, ba za ki gane girman abin da ya yi ba.

A lokacin babu Jigawa, sai 1991 aka ƙirƙiro ta. Mu nan Ɓaɓura ƙarƙashin masarautar Kano muke, Kazaure da Roni da Gwiwa kuwa suna ƙarƙashin Sarkin Kazaure, amma dukkanmu a Lardin Kano. Kowane namiji baligi akwai haraji a kansa, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai baitulmalin En'e. Manomi ya noma gyaɗa, ya sayar a farashin da ba shi ya yanka ba, a loda ta zuwa Kano a yi dala da ita, shi kuwa kuɗin su wuce haraji. Bafulatani mai shanu nasa daban ne, jangali, kuɗi a kan kowace saniya. Ga aikin tilas. Ga gaisuwa da ake kai wa masu sarauta. Wanda ya kasa biya ya sha wulaƙanci a gaban iyalinsa, wani ma ya tsallaka iyaka sai ƙura ta lafa. Ki tambayi tsofaffin gidanku, za su gaya miki wa ke sayar da akuyarta ko tasoshin jerenta don a fanshi mutuncin maigida. Sunan mace ba ya cikin takardar haraji, amma sau da yawa daga ɗakinta kuɗin ke fitowa.

Abin lura shi ne kowa kukansa yake yi shi kaɗai. Manomi yana ganin Bafulatani a matsayin mai cinye masa amfanin gona. Bafulatani yana ganin manomi ya tare masa burtali. Leburan jirgin ƙasa a Sabon Gari bai san da zaman ko ɗayansu ba, su ma ba su ɗauke shi ɗan uwa ba tunda yarensa daban, wataƙila addininsa ma daban. Mace tana cikin gida, ba mai tambayar ra'ayinta. Mai mulki kuwa ba abin da ya fi masa daɗi kamar haka.

Ranar 8 ga Agusta 1950 wasu mutum takwas suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Dubi ko su wane ne. Akwai Abba Maikwaru, akwai Mudi Sipikin mawaƙi, akwai Maitama Sule malamin makaranta, akwai Magaji Dambatta, matashi daga nan maƙwabtanmu Dambatta, akwai kuma Bello Ijumu, Bayarabe daga ƙasar Kabba. Tun daga ranar farko ba jam'iyyar ƙabila ɗaya ba ce. Malam Aminu ya shigo da ƙarfinsa bayan ya bar aiki, a 1953 ya zama shugabanta. Alamarsu tauraro, kirarinsu sawaba, wato samun sauƙi bayan wuya.

Baiwar da Allah Ya yi wa Malam ita ce iya nuna wa mutane cewa ciwon da ke damunsu mafarinsa ɗaya. Kalma ɗaya ya ɗauka, talaka, ya mai da ita rumfar da kowa zai shiga. Manomi talaka ne, makiyayi talaka ne, tela da mahauci da ɗan koli da ɗan dako da malamin allo duk talakawa ne. Kalmar da a da ake faɗa da raini ta zama abin da mutum zai bugi ƙirji ya kira kansa da shi. Kuma bai zo musu da baƙon zance ba. Malami ne ɗan malamai, da Alƙur'ani da rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahi yake kafa hujja a kan zalunci da cin dukiyar jama'a. Shi ya sa ya yi wuya a ce da shi ɗan koren Turawa ne ko mai raba mutane da addini, ko da yake an faɗa.

Sun sha wuya fa, ba kaɗan ba. A zaɓen 1951 'yan NEPU sun yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma da yake zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e na da ikon cusa nata mutanen a tsakiya, ko mutum ɗaya nasu bai kai majalisar Kaduna ba. Taro sai da izini, izinin kuma a hannun waɗanda ake kuka da su yake. Kotunan alƙalai suka yi ta ɗaure 'yan jam'iyyar, aka yi wa wasu bulala, aka kori wasu daga garuruwansu, aka sa 'yan banga suna dukansu. A ƙauye ma abin ya fi muni, don a birni ko ba komai akwai ɗan jarida. Mutum ya yanki katin NEPU a ƙauye, ya san ya sayi rigima da dagaci.

To ina mu mata a cikin wannan? A nan ne nake so ki ƙara natsuwa.

Malam bai ɗauki maganar mata a matsayin abin da za a duba in an gama da sauran ba. Cikin buƙatun NEPU ya sa ta: a ilimantar da 'ya mace, a ba ta 'yancin jefa ƙuri'a kamar namiji. Ya riƙa tuna wa mutane Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta karantar da mata har ƙauyuka, don a san ba daga Ingila ya kwaso ra'ayin ba. Jam'iyyar ta kafa reshen mata, kuma wadda ta fi shahara a cikinsa ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, wadda ta shiga tun tana 'yar shekara 17. Mahaifinta mutumin Ghana ne, mahaifiyarta Banufiya. Ta zo Kano tana shiga gida-gida tana yi wa matan kulle bayani, aka kama ta, aka ɗaure ta, daga baya aka kore ta daga garin. An lissafa ɗaurin da ta sha a rayuwarta har sau 16.

Ita ma Gambo ba ta tsaya a Arewa ba. Ta yi tattaki har Abekuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti. Wannan baiwar Allah ita ce ta haɗa matan kasuwa da matan da suka yi boko a ƙungiya ɗaya, suka yi ta zaman dirshan a ƙofar fada a kan harajin da aka ɗora wa mata, har aka soke shi, sarkin garin kuma ya sauka daga gadonsa a farkon 1949. Ki duba fa: Bayarabiya Kirista a Kudu, da Musulma 'yar Zariya, ba yare ɗaya ba, ba addini ɗaya ba, amma ɗaya ta koyi dabara a wurin ɗaya. Ni a ganina wannan tafiya ta Gambo tana cikin manyan abubuwan da suka faru a tarihin matan ƙasar nan, ko da yake ba a cika ambatonta ba.

Duk da haka ƙuri'ar ba ta zo da wuri ba. A zaɓen 1959, wanda ya kai ƙasar ga samun 'yancin kai, matan Kudu sun yi layi sun zaɓa, matan Arewa suna gida. Haka aka yi Jamhuriya ta Farko aka gama. Sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976 mace ta fara jefa ƙuri'a a Arewa. Fiye da shekara 20 ana abu ɗaya. In kin taɓa tsayawa a layin zaɓe a firamaren unguwarku, da goyo a bayanki, kina mita rana ta yi zafi, to wasu sun kwana a gidan yari kafin ki samu wannan layin.

Malam ya san NEPU ita kaɗai ba za ta iya da jam'iyyar NPC mai mulkin Arewa ba, don haka kullum yana neman abokan tafiya. Tun 1954 ya ƙulla ƙawance da NCNC ta Dokta Azikiwe. Ya yi tafiya da matasan Barno na ɗan lokaci. Kafin zaɓen 1964 ya haɗa kai da Joseph Tarka, jagoran Tibi da sauran ƙananan ƙabilun tsakiyar Najeriya, waɗanda nasu kukan shi ne a ba su jiharsu. A shekarar ce kuma, cikin watan Yuni, ƙungiyoyin ƙwadago da suka daɗe ba sa ga maciji da juna suka dunƙule suka shiga yajin aikin gama-gari na kusan mako biyu, har gwamnati ta ƙara albashi. Cikin jagororin yajin akwai Michael Imoudu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Ki riƙe sunansa, za mu sake haɗuwa da shi.

Ba zan ɓoye miki ba, ƙawancen nan ya zo da nasa tsadar. Abokan hamayya sun samu abin faɗa, suna yawo da cewa Malam ya sayar da Arewa ga 'yan Kudu, kuma maganar ta shiga kunnen mutane da yawa. Sannan bayan zaɓen 1959, wanda NEPU ta samu kujeru 8 a majalisar tarayya, har da ta Malam daga Kano ta Gabas, sai NCNC ta shiga gwamnatin haɗin gwiwa da NPC. Malam ya wayi gari yana ɓangaren gwamnati a Legas, alhali a gida ana ci gaba da ɗaure mutanensa. Wannan ya ɓata wa magoya baya da dama rai, kuma suna da hujja. A zaɓen 1964 ya rasa kujerarsa.

Bayan sojoji sun karɓi mulki ya yi kwamishinan tarayya a gwamnatin Janar Gowon, na sadarwa, sannan na lafiya, daga 1967 zuwa 1974. Ba zan tsaya a kan wannan ba.

Girbin abin da aka shuka ya zo ne a 1979. Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978 Malam ya kafa PRP, mai alamar mabuɗi. A wannan karon duk rafukan sun haɗu a kogi ɗaya: tsofaffin 'yan NEPU da suka sha ɗauri, 'yan ƙwadago da Imoudu a matsayin mataimakin shugaban jam'iyya, malaman jami'a da ɗalibai, S.G. Ikoku daga Gabas a matsayin sakatare, ga kuma mata da ƙuri'a a hannunsu karo na farko a babban zaɓe. Malam bai ci shugabancin ƙasa ba, amma a tsohuwar Jihar Kano, wadda muke cikinta a lokacin, ya samu fiye da kashi 70 cikin 100 na ƙuri'un. PRP ta kwashe kujerun sanata biyar na jihar, ta kafa gwamnati a Kano da Abubakar Rimi, a Kaduna da Balarabe Musa.

Suna hawa a watan Oktoba na 1979 suka soke haraji da jangali. Duka biyun, lokaci ɗaya. Manomin Ɓaɓura da makiyayin Roni, waɗanda aka saba gani a gaban alƙali suna shari'ar ɓarnar gona, rana ɗaya aka sauke musu kaya. Da manoma kaɗai suka yi ta kuka, da wataƙila an rage musu wani abu an bar jangali. Da Fulani kaɗai ne, wa zai saurare su? Ma'aikata ma ba a manta da su ba: a 1980 Jihar Kano ta fara ba da hutun ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu, a 1981 gwamnatin tarayya ta mai da shi na ƙasa baki ɗaya. Aka kuma kafa hukumar yaƙi da jahilci, inda matan aure da yawa suka fara koyon rubuta sunansu.

Irin wannan haɗuwa mun sake ganin misalinta a watan Janairu na 2012, shekaru da dama bayan rasuwarsa, lokacin da aka janye tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa wajen 141. 'Yan ƙwadago da ɗalibai da lauyoyi da 'yan kasuwa suka fito tare, a Kano har aka ga Kiristoci sun kewaye Musulmi suna gadinsu su yi salla. Gwamnati ta sauko zuwa naira 97. Akwai shugabanni da aka sani, akwai buƙata da aka faɗa a fili, akwai wanda za a zauna da shi a teburi. Ko a nan ma an rasa rayuka, ban ce ba a rasa ba.

Mu koma ga Malam, don ƙarshen labarin ba mai daɗi ba ne, kuma ba daidai ba ne in ba ki rabinsa. Ko shekara ba a cika ba da cin zaɓe PRP ta dare gida biyu. Abin mamaki, a kan maganar haɗin kai aka rabu. Rimi da Balarabe suna halartar taron gwamnoni tara na jam'iyyun hamayya, uwar jam'iyya ta ce su daina, suka ƙi. A 1980 aka kore su. Aka samu 'yan santsi, ɓangaren gwamnonin, da Imoudu a gaba, da 'yan taɓo, masu biyayya ga Malam. Gaba ta shiga unguwanni, ta shiga gidaje, wa da ƙani suka daina gaisawa. Har yau in kin zauna da dattawa biyu da suka ga zamanin, kowa zai ɗora laifin a kan ɗaya ɓangaren. Ni dai abin da na gani shi ne mutumin da ya shekara 30 yana ɗinke ɓarakar wasu, tasa ta gagare shi, kuma ban yarda cewa laifin na gefe ɗaya ne ba.

Abokan hamayya ba su yi barci ba. A watan Yuni na 1981 majalisar Kaduna ta tsige Balarabe Musa. Ranar 10 ga Yuli na shekarar aka yi tarzoma a Kano, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. A zaɓen 1983 Kaduna ta kuɓuce, Kano ta tsira a hannun Sabo Bakin Zuwo, amma wata uku kacal ya yi sojoji suka dawo.

Malam bai ga wannan zaɓe ba. Yana cikin shirinsa, har ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin wadda za ta yi masa takarar mataimakiyar shugaban ƙasa, shekara 7 kacal bayan an bar matan Arewa sun fara zaɓe. Ranar Lahadi 17 ga Afrilu 1983 Allah Ya yi masa rasuwa a gidansa na Gwammaja, yana da shekara 62. Santsi da taɓo duk suka hallara, Kano ta cika ta batse. A cikin gidan aka binne shi, gidan da ya saba yin tafsiri da azumi, talakawa na zaune a tabarma.

An sa sunansa a filin jirgin saman Kano, da asibitin koyarwa, da babban dandalin taro a Dutse. Gidan nasa kuwa Jami'ar Bayero ta mai da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, ana kiransa Gidan Mambayya, laƙabin mahaifiyarsa, wadda ta fara ɗora shi a kan karatu. In Allah Ya kai ki Kano ta hanyar Dambatta, kika wuce Dawanau da Kurna, Gwammaja ba nisa. Ki roƙi maigida ku ratse da yara su ga ɗakin da ya zauna, ku yi masa addu'a, ku haɗa da Hajiya Gambo, wadda ta bi shi a watan Oktoba na 2001. Allah Ya gafarta musu, Ya sa Aljanna ce makomarsu, amin.